Ƙarin Gas a Firiza: Me Ya Sa Sanyin Ba Ya Daɗewa?

Yau shirin namu ya tsallaka kogin Kaduna zuwa Kakuri, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha, unguwannin da firiza ta zama jarin gidaje da yawa. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, iyalai da dama suka kama ƙananan sana'o'i, wannan na sayar da ƙanƙara, waccan zoɓo da kunun aya, wani kuma daskararren kifi da kaji. Duk ranar da firiza ta daina sanyi a tsakiyar zafin Maris ko Afrilu, uwa da riba ne ke narkewa a ciki. Sai a ruga wurin mai gyara, shi kuma ya kasa kunne a bayanta ya ce, "Madam, gas ne ya ƙare," ko "Hajiya, sai an sa gas."

A sa gas ɗin, sanyi ya dawo, kowa ya ji daɗi. Bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Ga dalili. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa irin na girki. Kwamfuresa, wato baƙin tulun ƙarfen nan da ke ƙasa ta baya, shi ke matse shi ya tura shi cikin bututu, ya fitar da zafinsa ya zama ruwa. Daga nan ya bi wani siririn bututu zuwa ɓangaren ƙanƙara, ya sake zama iska yana zuƙe zafin abin da aka ajiye, sannan ya komo inda ya fito. Hanyar a rufe take ruf, shi ya sa lafiyayyen firji kan yi shekara goma ko fiye ba a ƙara masa komai ba. Idan gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara gas bai toshe wurin ba, ya yi wa taya iska ne bai kai ta wurin mai faci ba.

Ina roƙon iyayenmu mata da yaran shago su saurari wannan da kyau. Yawancin firji, bututun da ke jikin ɓangaren ƙanƙara na alminiyam ne, ba shi da kauri. Wuƙar da ake sa wa a ɓamɓaro ƙanƙara, sara ɗaya ya isa ta huda shi. A kashe firjin, a bar ƙofa buɗe, ƙanƙarar za ta saki da kanta. Sauran yoyon kan zo ne daga tsatsa ko daga mahaɗar da ba a yi wa walda mai kyau ba, musamman a tsofaffin firjin gwanjo.

Kuma hudar ba gas kaɗai take fitarwa ba, damshi ma yana shiga ta nan. Ɗigon ruwa kaɗan ya daskare a bakin siririn bututun nan, hanya ta toshe, kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Saboda haka gwanin mai gyara ba ya gaggawa. Zai cika bututun da iskar naitirojin, ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da kumfar sabulu har ya gano wurin. Ya liƙe shi, ya canza filta mai tsotse damshi, ya zuƙe iskar ciki da injin, sannan ya auna gas ya zuba.

Awon nan yana rubuce a takardar da ke manne a jikin firji, tare da sunan gas ɗin. Tsohon R12 an daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rufin ozon na sararin samaniya, kuma wa'adin ƙasashe irin Najeriya ya cika a 2010. Yanzu R134a ne ko R600a. Ba a zuba wannan a madadin wancan, domin kowane kwamfuresa da irin nasa. R600a kuwa yana kama wuta, ko da yake abin da ke cikin firjin gida yawanci bai kai giram 150 ba. Kada a yarda a kunna wutar walda alhali da saura a bututu.

Wani abin da ke damuna shi ne, sau da yawa gas ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Robar ƙofa ce ta saki, ko fanka ta tsaya, ko rile mai tayar da kwamfuresa ya mutu, ko kuma wutar ce ke zuwa ba ƙarfi. Sitabilaiza na maganin rashin ƙarfin wuta, jira na minti biyar kafin a kunna firji idan an ɗauke wuta an dawo da ita kuma yana kare kwamfuresa.

Akwai kuma yoyon da ke can cikin bango, inda bututu ke binne a cikin soso. Wannan sai an farke jikin firjin ko a shimfiɗa sabon bututu gaba ɗaya, kuma a tsohon firji kuɗin aikin kan kusa kai na sayen wani. Kafin ki biya, Hajiya, kafin ka biya, Maigida, ku ce wa mai gyara ya nuna muku inda gas ɗin ya fita, ku kuma tambaye shi wata nawa zai tsaya wa aikinsa.