Bayan tiyatar rage ƙiba: Idan sikeli ya cije

A ƙasar Magarya da Dungas, idan aka ce sikeli, abu biyu ne ke zuwa a ran mutane: na auna buhun riɗi da gyaɗa a kasuwa, da kuma wanda ake rataya yara a likita. Tun shekarar 2005 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin tamowa a Magarya, iyaye mata suka saba da murna idan kilon yaro ya hau. To amma yanzu akwai wasu, musamman manyan 'yan kasuwa da hajiyoyin da zaman rumfa ya tara wa teɓa, waɗanda addu'arsu ita ce kilo ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai cutarwa, kuma ita ce ke buɗe wa ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa ƙofa.

Masu hali kan je Tunisiya ko Masar ko Indiya ko Turkiyya, ko wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja, a yi masu tiyata. A aikin da aka fi yi, likita kan yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, ya bar ɗan siriri kamar ayaba, ta yadda loma kaɗan za ta ƙosar da mutum. Makonni biyu na farko kilo kan yi ta zuba, har mutum ya riƙa hawa sikeli safe da yamma don jin daɗi. Sai a wajen mako na uku abu ya cije. Kwana bakwai, kwana goma, lamba ɗaya. Nan ne Hajiya za ta fara lissafin kuɗin jirgi da na asibiti, ta ce ko dai an cuce ta ne.

Ba a cuce ta ba. Duk wadda ta taɓa sayen gyaɗa ɗanya ta san buhun da ya yi nauyi yau, idan ya sha rana zai rage, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Jikin mutum ma fiye da rabinsa ruwa ne, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. A kwanakin farko jiki na cinye sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka, shi kuwa wannan sukari kowane giram nasa na riƙe da wajen giram uku na ruwa. Ke nan mafi yawan abin da ya zube da farko ruwa ne. Idan jiki ya fara mayar da ajiyarsa ruwan kan dawo, kitse kuwa yana ci gaba da narkewa, sai wannan ya rufe wancan a kan sikeli. Haka nan gishiri da dunƙulen miya, ko rashin fita bayan gida, ko kusantowar al'ada, kowanne na iya ƙara kilo ɗaya ko biyu tsakanin jiya da yau.

Ma'aikatan da ke kula da yara masu tamowa sun daɗe da sanin haka. Yaron da ya kumbura, idan magani ya fara kama shi, kilonsa sauka yake fara yi saboda ruwan na fita, kuma wannan alamar sauƙi ce. Shi ya sa ba su dogara da sikeli kaɗai, sai sun auna damtse da ɗan tef mai launin ja da rawaya da kore, sun kuma danna ƙafa. Babba ma ya kamata ya yi koyi da su: tef ɗin tela a kugu sau ɗaya a wata, sikeli kuma sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, a kan sikeli guda. Likitoci na so faɗin kugu, idan an zagaya shi da tef, ya kasa rabin tsawon mutum. Zanen da ya fara zagayowa da saura, sujada ba tare da haki ba, da sukarin da ya sauka a gwaji, duk riba ce da sikeli ba ya nunawa.

Wani abin da ke kawo ɓacin rai shi ne dogon buri. Akasari tiyatar kan rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin mutum, cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai kilo 120 za ta iya tsayawa tsakanin 80 da 90, ba jikin da aka kai ta ɗakin miji da shi ba. Bayan shekara biyu ma 'yan kiloli kan dawo wa mutane da dama.

Sai dai kuma a gaya wa juna gaskiya, ba kowace cijewa ce ta ruwa ba. Idan wata biyu suka wuce, kugu bai motsa ba, to a duba abin da ake sha a rumfa. Ƙaramin tumbi na hana tuwo, amma ba ya hana fura mai sukari, da zoɓo, da lemun kwalba, da shayin da ake zagayawa da shi har sau uku. Su waɗannan wucewa suke yi salin alin. Abin da ake so a fara da shi a kowane ci shi ne mai gina jiki: ƙwai, kifi, nono, wake, nama marar kitse.

Babban haɗarin shi ne fushi ya sa a daina cin abinci, ko a koma ga shayin rage teɓa na 'yan talla, wanda galibinsa gudawa da fitsari yake sawa. Ga mai ƙaramin tumbi a zafin bazara, wannan na iya ƙarar da ruwan jiki. Ana so a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har lita ɗaya da rabi a yini, a kuma riƙe ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini har iya rayuwa. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, batun azumi kuma a tambayi likita. Amai da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri bayan aiki, ba na jiran ranar kasuwa ta wuce ba ne: a nufi asibitin Magarya, ko babban asibitin Damagaram, tare da takardun da aka bayar a inda aka yi tiyatar.