Me Ya Sa Ƙananan Wasannin Waya Ke Jan Hankalinmu?

Da yawanmu a Batsari da Safana ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba WhatsApp. Amma wani ɗan wasa bai tsaya ba: dabbar nan mai kama da ƙadangare da ke fitowa a Chrome idan babu intanet, tana gudu tana tsallake ƙaya. Kamfanin Google ne ya saka shi a 2014.

Mene ne sirrinsa? Na farko, ba sai an koya maka ba: taɓa fuskar waya, dabbar ta yi tsalle. Na biyu, ba ya cin data. Na uku, cikin minti ɗaya ko biyu an gama, kai ya huta daga lissafi.

Haka iyayenmu suke da dara. A haƙa ramuka 30 a ƙasa, kowa ya ɗauki ’ya’ya 12, shi ke nan. Bambancin shi ne abokin dara yakan tashi idan an kira salla, ita kuwa waya ba ta gajiya. Kana faɗuwa sai ka ce, “Bari in ƙara ɗaya.” Kafin ka ankara awa guda ta wuce, aikin gida na nan.

Shawararmu: a fara gama karatu, sannan a yanke wa wasa minti 10. WAEC da NECO ba sa tambayar makin wasa.