DALMA DA ZAIBA: GUBAR DA KE RISKAR ƊA TUN YANA CIKI

A Gobarau, da sauran unguwannin cikin birnin Katsina, tsohuwar al'ada ce idan an wanke jariri a sa masa kwalli, uwa kuma ta sa nata. Ba wanda ya ke yin haka da mugun nufi, gama ado a ke nema da lafiyar ido. To, amma masu binciken ilmin likita sun tarar dutsen nan mai ƙyalli da a ke niƙawa a yi kwalli, galibinsa ma'adinin dalma ne. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ga dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya. Da aka auna tozalin da a ke sa masa, sai aka ga kashi 82 cikin 100 dalma ce. Abin da ya kamata jama'a su sani kuwa shi ne, ɓarnar wannan ƙarfe ba ta jiran a haihu. Tun ɗa yana ciki ta ke fara aikinta.

Yadda ta ke kai ga ɗan tayi

Dalma na shiga jiki ta baki ko ta numfashi. Ta kan yi kamar wata guda tana yawo cikin jini, sa'an nan mafi yawanta ya tafi ya kwanta a ƙashi da haƙora. Dalilin haka kuwa, jiki ba ya iya rarrabe ta da abin gina ƙashi wanda likitoci ke kira kalsiyam. Inda kalsiyam za shi, nan ita ma ta ke bi. In ta kwanta a ƙashi tana iya yin shekara 20 ko fiye ba ta fita ba.

Sa'ad da mace ta sami ciki, ɗan tayi yana bukatar kalsiyam domin ya gina nasa ƙashi. Idan abincin uwa bai wadatar ba, sai jikinta ya shiga ɗibar na ƙashinta yana ba shi. Da ya ɗebo kuwa, dalmar da ta kwanta tun tana yarinya sai ta taso, ta koma jini, ta ratsa mabiyiya, ta bi cibiya ta isa ga ɗan. Mabiyiya ta kan tare waɗansu abubuwa masu cutarwa, amma ba ta tare dalma. Saboda haka abin da a kan samu a jinin jariri ranar haihuwa ya kan yi kusa da na uwarsa.

A lokacin nan ne a ke shimfiɗa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ga shi kuwa shingen da ke kare ƙwaƙwalwar babba bai gama ƙwari ba ga ɗan tayi. In gubar ta yi yawa sai a yi ɓari, ko a haifi bakwaini, ko ɗa ya zo ba rai. In kaɗan ce, a haife shi lafiya lau ga ido, sai an sa shi makaranta a ga karatu ba ya zama. A ce masa daƙiƙi, a yi ta dukansa, alhali tun bai ga duniya ba aka rage masa rabonsa. Ita uwar ma dalma tana ƙara mata hawan jini a lokacin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa.

Abin da ya faru a Zamfara

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A watan Maris na 1910 da ɗari, watau 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da a ke haƙowa can cike ya ke da dalma. Maza su kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma masu bincike suka ƙirga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara guda. Jimlar yaran da suka rasu a yankin ta kai 400. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi wa dubban yara magani. Garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai a 2013. A 2015 kuma irin wannan masifa ta auka wa ƙauyukan Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ga inda maganar ta ke. 'Yan matan da suka tsira a 2010 suna da shekara 3 ko 4, yau sun isa aure. Magani ya kan janye dalmar da ke cikin jini, amma ba ya kwashe duk wadda ta kwanta a ƙashi. Watau ƙurar da yarinya ta haɗiya a tsakar gidan ubanta tana iya riskar ɗan da za ta haifa a gidan mijinta. Katsina kuwa iyaka ɗaya ta ke da Zamfara, ana auratayya, samari kuma na tafiya neman zinariya su komo da ƙura a tufafinsu.

Zaiba

'Yar'uwar dalma a wannan ɓarna ita ce zaiba, wadda masu haƙa ke kama zinariya da ita su ƙona, hayaƙin ya bi iska. Ana kuma samunta a waɗansu mayuka da sabulai na canza launin fata. A garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, wani kamfani ya yi shekaru yana zuba zaiba a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. Abin da ya fi tayar da hankalin likitoci shi ne, mata da yawa ba su nuna wata alama mai tsanani ba, amma suka haifi 'ya'ya masu shanyewar jiki da naƙasar ƙwaƙwalwa. Domin tunawa da wannan aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba sunan Minamata.

Abin yi

Da fari, a raba jarirai da 'yan mata da masu ciki da kwallin dutse, gama yaro ya kan murza ido ya kai hannu baki. Na biyu, mai aikin haƙa, da mai gyaran batir, da mai narka dalma, kada ya kawo aikinsa cikin gida. Ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shigo, kada kuma matarsa mai ciki ta wanke su. Na uku, mai ciki ta bar cin farar ƙasa don kwaɗayi, domin an sha samun dalma a irinta, ta kuma bar man canza fata. Na huɗu, a ba ta nono da kindirmo, da zogale, da wake, da kifi ƙanana, domin jikin da ya ƙoshi da kalsiyam da abin ƙara jini ba ya zuƙar dalma kamar mai yunwa, ba ya kuma ɗibar ƙashin uwa da yawa.

Wadda ta san ta tashi inda a ke dakan dutsen zinariya, in ta je awo, ko a Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko a wani, ta faɗa wa likita tun da wuri, domin ana iya auna dalma a jini. Magidanta da ungozomomi da malaman unguwa, wannan nauyi a wuyanku ya ke. Abin da dalma ta rage a ƙwaƙwalwa ba a san maganin da ke mayar da shi ba, saboda haka tsaron ɗa ya kan fara ne tun uwarsa tana goye. Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.