Gishirin da Doki Ke Zubarwa a Filin Hawa

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa ne a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi a Kano da Katsina kan kai maki 40. A irin wannan rana ake ɗora wa doki sirdi da kayan ado masu nauyi, wani ma har da lifidi, ya yini yana tafiya da sukuwa. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a 2024, sai dai kaɗan ne daga cikin masu ɗaukar nauyin dawakin, ciki har da ma'aikatan Abuja da ke komawa gida hawa, suka san abin da ke faruwa a jikin dabbar a wannan yini.

Doki mai nauyin kilo 450 zuwa 500 yakan sha lita 25 zuwa 30 na ruwa a rana ko da yana ɗaure a barga. Idan yana aiki mai tsanani cikin zafi, yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na zufa a awa guda. Kumfar da ake gani a wuyansa da ƙarƙashin sirdi wani sinadari ne a cikin zufar da ke taimaka mata ta ratsa gashi ta bushe, jiki ya huce.

Zufar mutum ba ta kai jininsa gishiri ba, don haka idan ya yi gumi jinin yakan ƙara kauri da gishiri, ƙishirwa ta kama shi nan take. Zufar doki kuwa ta fi jininsa gishiri. Tana tafiya da sodiyam da kuloraid masu yawa, da fotasiyam, da ɗan kalsiyam da magnesiyam. Tun da ruwa da gishiri tare suke fita, alamar da ke sa ƙwaƙwalwa ta ji ƙishirwa ba ta tashi da wuri. Shi ya sa doki kan kau da kai daga bokiti alhali jikinsa na matuƙar bukatar ruwa, mai kula da shi kuma ya ɗauka ya ƙoshi.

Sakamakon yakan biyo baya cikin sa'o'i: kasala, ɗaurewar tsoka, bushewar abinci a hanji har ta kai ga ciwon ciki mai kisa. Ƙarancin kalsiyam yakan sa kwiɓin doki ya riƙa zillo daidai da bugun zuciyarsa, kuma wannan alama ce ta a kira likitan dabbobi ba da ɓata lokaci ba.

Masu dawaki a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar kanwa da kantun gishirin Bilma. Amma kanwa ba ta maye gurbin gishiri. Akasarinta sodiyam kabonet ne, ga shi dokin da ya daɗe yana zufa kuloraid ya fi rasawa, jininsa kuma ya riga ya karkata zuwa ɓangaren da kanwa ke ƙara turawa. Gishirin girki shi ne ke mayar da sodiyam da kuloraid tare. Cokali ɗaya zuwa biyu a cikin dusa kullum ya wadatar a ranakun hutu, a ƙara a ranakun aiki. Harawa da ciyawa suna samar da fotasiyam, suna kuma riƙe ruwa a babban hanji, wanda jiki ke jawowa idan ya matsu. Ba a ɗura wa doki gishiri sai ruwan sha na gabansa.

Akwai tsohuwar fahimta cewa ba a ba doki ruwa ko a watsa masa mai sanyi yana cikin zufa. Binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya nuna akasin haka: kwara masa ruwan sanyi a kai a kai yana sauke zafin jiki da sauri ba tare da illa ba, kuma barinsa ya sha da zarar ya tsaya ya fi amfani, domin a lokacin ne ya fi son sha. Darasin ya shafi 'yan ƙwallon dawaki na Guards Polo Club a Abuja da Fifth Chukker a Kaduna, inda zango ɗaya na minti 7 ke isa ya jiƙa doki sharkaf.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A tsunkuli fatar kafaɗa a saki. Idan ta yi jinkirin komawa, ruwa ya yi ƙasa. A danna dasashi da yatsa. Launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Bugun zuciyar doki mai hutawa yana tsakanin 28 da 44 a minti, kuma wanda nasa ya ƙi sauka bayan rabin awa da sauke sirdi bai kamata a hau shi washegari ba. Wanda ke aika kuɗin kayan hawa daga Abuja, ya dace ya haɗa da na gishiri da ruwa da inuwa, ya kuma tambayi mai barga ko lita nawa dokin ya sha.