Musanyar Luka Doncic: shin ƙungiyar Dalas ta yi daidai?

A daren 1 ga watan Fabrairu na shekara ta 2025, wani labari ya bazu a ƙasar Amurka, wanda da farko jama'a suka ɗauka ƙarya ce: ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin Dalas, wato Mavericks, ta miƙa gwarzonta Luka Doncic ga ƙungiyar Lakers ta Los Anjalas. A madadinsa ta karɓi Anthony Davis da Max Christie, da kuma damar zaɓen sabon ɗan wasa guda a zagayen farko na shekara ta 2029. Ya kamata mai karatu ya sani cewa a gasar NBA musanya ake yi, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda aka saba a ƙwallon ƙafa.

Doncic, ɗan ƙasar Silobeniya, shekarunsa 25 a lokacin. Sau biyar a jere ana sa shi cikin ƴan wasa biyar da suka fi kowa a gasar, kuma shi ne ya kai Dalas wasan ƙarshe a 2024, inda Boston ta rinjaye ta.

Nico Harrison, mai kula da sha'anin ƴan wasan ƙungiyar, ya kafa hujja da cewa tsaron gida ke kawo kofi, Davis kuwa gwani ne a nan. Akwai kuma batun kuɗi: da Doncic ya zauna, zai iya neman kwangilar dala miliyon 345 ta shekara biyar, wato sama da miliyar 200 na sefa. An kuma riƙa tsegumi a kan ƙibarsa da yawan rauninsa.

Waɗannan dalilai ba na banza ba ne, amma ba su isa ba. Davis ya girmi Doncic da kusan shekara shida, kuma shi ma sananne ne wajen rauni. A wasansa na farko da rigar Dalas ya ji ciwo, ya yi makonni yana jinya. Babban aibin cinikin kuwa shi ne yadda aka ƙulla shi a ɓoye da mai saye guda. Mai sa ba ya sayar da shi a zaure alhali ga kasuwa tana ci. A 2022, ƙungiyar Yuta ta sami damar zaɓe huɗu na zagayen farko, ban da ƴan wasa, a kan Bafaranshe Rudy Gobert. Dalas kuwa guda ɗaya tak ta samu a kan wanda ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sakamako bai jima ba. Ranar 9 ga Afirilu, Doncic ya dawo Dalas da rigar Lakers, ya ci maki 45 a gaban tsofaffin magoya bayansa. Dalas ta gama shekara da nasara 39, faɗuwa 43. Gaskiya ne ƙuri'a ta faɗa mata a watan Mayu, ta ɗauki matashi Cooper Flagg. To amma sa'a ba hujja ba ce. A watan Nuwamba na 2025 masu ƙungiyar suka sallami Harrison.

Rabuwa da gwarzo ba laifi ba ne idan dalili ya kama. Laifin shi ne a rabu da shi ba tare da an ji tayin kowa ba.