Duhu Ya Yi Kuɗi: Masu Kallon Taurari da Masauki a Kewayen Los Anjeles

Da asubahin 17 ga Janairu 1994 girgizar ƙasa ta ɗauke wutar birnin Los Anjeles na Amurka. Mutane suka fito waje, suka ɗaga kai, sai ga wani farin ziri mai kama da hayaƙi ya ratsa sama. Wasu har waya suka buga wa cibiyar nazarin taurari ta Griffith suna neman bayani. Ashe gungun taurarin da duniyarmu ke ciki ne, wanda fitilun birni suka daɗe da ɓoye musu.

Lamarin bai tsaya kan Los Anjeles ba. Taswirar hasken dare da masana suka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin wannan zirin daga inda suke zaune. Wani bincike na 2023 ya ce hasken sararin dare na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Fitilun LED na da hannu a ciki. Da yake ba sa cin wuta sosai, sai aka yawaita su, ga shi farin haskensu mai shuɗi-shuɗi ya fi bazuwa a iska. Yaron ƙauye da ke nuna Kaza da 'Ya'yanta da yatsa zai yi mamakin jin cewa akwai masu biyan kuɗi don su gani.

Saboda haka ɗan birni ke niƙa gari ya nufi hamada. Gandun Joshua Tree na da nisan kilomita 200 da 'yan kai, ƙungiyar DarkSky ta sa shi cikin wuraren da ake kare duhunsu a 2017. Garin Borrego Springs ya samu irin wannan shaida tun 2009, gandun Death Valley kuma a 2013. Masu harkar na auna duhu da ma'aunin Bortle mai mataki 9: tsakiyar birni 8 ko 9, daji mai duhun gaske 1 ko 2.

Me ya kawo zancen kwana? Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon ya fi armashi idan dare ya raba, a kwanakin da babu farin wata. Wanda ya kai ƙarfe biyu yana leƙen madubin hangen nesa, in ya kama tuƙin awa uku ya sayi hatsari da kuɗinsa. Dole a kwana.

A nan gizo ke saƙar. Maziyartan Joshua Tree sun haura miliyan 3 a 2021. Gidaje da yawa a garuruwan gefensa sun koma na hayar kwana ta Airbnb, ana tallarsu da hoton taurari. Masu otal da gidajen abinci sun samu ciniki, 'yan gari kuwa haya ta yi musu tsada. Kowane sabon masauki kuma da fitilarsa yake zuwa: ta ƙofa, ta tsakar gida, ga ta motocin baƙi. A Agustan 2023, daren zubar taurari na Perseid, motoci sun cika hanyoyin gandun maƙil, kowace na haske idon na gabanta. Mai masauki duhu yake sayarwa, amma shi ke rage shi.

A ganina gyaran mai masauki ba shi da wuya: a rufe kan fitila ta kalli ƙasa, a sa mai launin ruwan ɗorawa, a kashe in ba bukata. Borrego Springs ta bi wannan hanya, ga otal ga duhu. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin gari shi ne hasken manyan birane. Daga Death Valley, duk da nisansa, ana hango hasken Las Vegas a gefen sama kamar alfijir na shirin ketowa.