Tsohon Inji da Sabuwar Ƙwaƙwalwa: Birkin da Zai Kama Ko an Ɗauke Wuta

Unguwar Tukur-Tukur ta Zariya ta daɗe da sabawa da rugugin inji. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, gidan ɗab'in da ya riƙa buga littattafan da 'yan makarantar Arewa suka tashi da su, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa tun watan Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. Duk inda aka girke manyan injina kuwa, masu gyaransu ba sa nisa: mai walda, mai naɗin kwayil, da mai sassaƙa ƙarfe wanda zai ƙera haƙorin giya ko sandar da ta karye a lokacin da babu irinta a kasuwa. Wannan sana'a tana nan da ranta daga Tudun Wada har Sabon Gari, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli suna ci gaba da yaye matasan da suka karanci aikin inji da na lantarki.

Abin da ke ɗaukar hankalin irin waɗannan matasa a yau shi ne injin da kwamfuta ke tuƙawa, wanda aka fi sani da CNC. A zana abin da ake so a kwamfuta, a ɗaure ƙarfe, injin ya sassaƙe shi daidai wa daida, ko guda ɗari ake buƙata. An fara nuna irinsa a Cibiyar Fasaha ta MIT da ke Amurka a 1952, lokacin da umarnin ke zuwa a jikin dogon zirin takarda mai huji-huji. Daga baya kamfanoni irin su Fanuc na Japan da Siemens na Jamus suka mamaye kasuwar na'urorin da ke sarrafa shi.

Sabon injin CNC ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin mai sana'a. Tsoho kuwa, na hannu, yakan samu da sauƙi, kuma sau da yawa gangar jikinsa garau take. Abin da ke mutuwa shi ne ƙwaƙwalwar, wato akwatin lantarkin da aka ƙera shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, wanda kayan gyaransa suka ɓace. Sai mai dabara ya cire tsohuwar, ya sa sabon allo da manhaja irin su LinuxCNC, wadda kyauta ce, ko Mach3. Aiki ne mai kyau, mai ceto dukiya. Amma a cikinsa akwai wayoyi 'yan kaɗan da ran mutum ke rataye a kansu, su ne na birkin sandar juyi.

Ƙarfin da ke cikin ƙarfe mai juyawa

Sandar juyi ita ce zuciyar injin. A wani injin wuƙar yanka take juyawa, a wani kuma ƙarfen da ake aiki a kansa. A ɗauki bakin kama ƙarfe mai faɗin milimita 250 da nauyin kilo 30, yana zagaye 2,000 a minti ɗaya. Cikin daƙiƙa guda ya zagaya sau 33, gefensa yana gudun da ya haura kilomita 90 a awa, kuma ƙarfin da ya tara ya isa ya ɗaga nauyin kilo 500 sama da mita ɗaya. Idan aka ninka gudun sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Yanke wa motar injin wuta ba ya kawar da wannan ƙarfi, sandar za ta ci gaba da wulwulawa har sai ta gaji don kanta, kuma hannun riga ko bakin rawani da ya taɓa ta a wannan tsakani ya tafi.

Haɗarin bai tsaya ga ƙananan shaguna ba. A watan Afrilun 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasa ranta bayan da injin sassaƙa ƙarfe ya kama gashin kanta tana aiki ita kaɗai da dare. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta ce injin ba shi da maɓallin tsayarwar gaggawa, ba shi kuma da garkuwa.

Ga inda mai sauya ƙwaƙwalwa ke faɗawa rami. Tsohon akwatin da ya cire ba lissafin yanka kaɗai yake yi ba. A cikin rile-rilensa, wato makunnan da lantarki ke buɗewa da rufewa, akwai ƙa'idojin da maƙeran injin suka dasa: kada mota ta tashi birki na kame, kada birki ya saki idan an danna maɓallin gaggawa, kada injin ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Ranar da aka yanke tsofaffin wayoyi, waɗannan ƙa'idoji sun bi su kwandon shara, kuma sabon allo bai san da su ba sai an sake gina masa su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa gwanaye ke zana taswirar tsohon haɗin, su liƙa wa kowace waya lamba, kafin almakashi ya taɓa ko ɗaya.

Birki iri uku

Na farko birkin lantarki ne da ke cikin infatar sarrafa gudun mota, wadda ake kira VFD. Idan ta rage gudu, motar takan koma kamar janareta, ta turo wuta baya. Wannan wuta sai an ƙone ta a jikin wani babban rizisto da ake ɗaurawa don haka, in ba haka ba infatar ta ga wuta ta yi mata yawa ta kashe kanta, ta bar sandar tana juyawa sakaka.

Na biyu shi ne a cusa wa motar wutar DC don ta daskare. Yana aiki, amma yana zafafa kwayil idan aka yawaita.

Waɗannan biyun duk da lantarki suke rayuwa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, inda janareta ke iya shaƙewa a tsakiyar yanka, wannan babban rauni ne. Zariya tana shan wuta ne daga kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, kuma duk mai shago ya san cewa tsakanin ɗaukewar wuta da juya canjoba zuwa janareta akwai lokacin da komai ke mutuwa. A daidai wannan lokaci ne ake buƙatar na uku, birkin ƙarfe mai sifirin. Sifirin ne ke matse shi kullum, wuta kuma aikinta ta ja shi ya saki. Direbobin tirela sun san wannan tsari sarai: iska ce ke riƙe da birkin a buɗe, idan tiyo ya fashe iska ta zube, sifirin ya danƙe tayoyi. Haka ake so a injin: waya ta tsinke, fis ya ƙone, ko Nepa ta ɗauke, duk sakamakon ɗaya ne, birki ya kama.

Sai dai ba kowane tsohon inji ke zuwa da irin wannan ba. Wasu injinan Bridgeport na CNC, alal misali, iska ce ke danna birkinsu ta hanyar bawul mai lantarki, don haka idan iskar kwamfiresa ta ƙare birkin ma ya ƙare. Wajibi ne mai gyara ya gwada ya gane irin wanda ke gabansa kafin ya ja waya ko ɗaya. Haka kuma ya bambance birkin da aka yi don tsayar da abu mai gudu da wanda aka yi don riƙe abin da ya riga ya tsaya. Na biyun, idan ana danna shi a kan cikakken gudu kullum, fatarsa ba za ta kai ko'ina ba.

Yadda haɗin ke tafiya

Allon kwamfuta yana fitar da 'yar siginar volt 5 ne ko ƙasa da haka, wadda ba za ta iya jan kwayil ɗin birki ba. Yawancin irin wannan kwayil volt 24 na DC yake ci, wasu fiye, don haka rile ake sawa a tsakani, da fis nasa na kansa. Idan aka yanke wa kwayil wuta yakan yi harbin baya mai ƙarfin da zai ƙone bakin rile ko ya rikita kwamfuta. Maganinsa dayod ne a gicciye a kan kwayil ɗin. Amma dayod shi kaɗai yana jinkirta faɗawar birki, shi ya sa masu ƙera birki ke ba da shawarar a haɗa shi da dayod na zena ko a sa baristo a madadinsa.

Jerin aiki shi ne gaba. Wajen tashi, birki ya fara saki, sannan mota ta juya. Wajen tsayawa na yau da kullum, infata ta sauke gudu, ta ba da alamar cewa sanda ta tsaya, a yanke ƙarfin mota, sannan birki ya sauka. A tsakanin rilen birki da na tashin mota ana sa kulle na waya, ta yadda ko manhaja ta ruɗe ba za a sami mota tana ja birki na riƙewa ba. Wani kuskuren da ke cin kuɗi shi ne sa kwantakta tsakanin infata da mota a riƙa buɗe ta ana cikin gudu, abin da ke iya ƙone infatar. Infatocin zamani da yawa suna da ƙofa ta musamman mai suna STO, wadda ke yanke ƙarfin juyi daga ciki, kuma ita ya kamata a yi amfani da ita.

Maɓallin gaggawa, ja a kan fage rawaya kamar yadda ƙa'idar ISO 13850 ta tanada, ba a barin sa a hannun manhaja. Kwamfuta tana sandarewa, kuma yayin da take tashi ƙafafun fitar siginarta suna iya kunnuwa su mutu ba da umarnin kowa ba. Wayar maɓallin tana bi ne kai tsaye ta rilen tsaro, a rufe take kullum, dannawa ke buɗe ta, don haka idan ɓera ya ci wayar injin tsayawa zai yi. Rilen tsaro irin PNOZ, wanda kamfanin Pilz na Jamus ya fito da shi a 1987, layi biyu yake sa wa ido, ya ƙi tashi idan ɗaya ya liƙe. Ita kwamfuta sanar da ita kawai ake yi cewa an danna.

Ƙa'idar IEC 60204-1 ta yarda da hanya biyu ga tsayarwar gaggawa. Rukuni na 0 shi ne a yanke wuta nan take birkin ƙarfe ya kama. Rukuni na 1 shi ne a bar infata ta sauke gudu cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan rile mai ƙidayar lokaci ya yanke wuta ko ta gama ko ba ta gama ba. Zaɓin ya danganta da injin. A tsofaffin injinan da bakin kama ƙarfensu ɗaurin zare ne, birki mai tsanani yana iya kwance bakin ya wurgo shi cikin shago, don haka a nan saurin tsayawa ma yana da iyaka.

Ƙura, zafi da ragowar wuta

Yanayin Zazzau yana da nasa sharuɗɗan. Riziston birki yana yin zafi sosai, kuma ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe mai maiƙo suna taruwa a kansa. Wurinsa sama ne, inda iska ke ratsawa, cikin keji, nesa da wayoyi, da makunnin zafi da zai tsayar da injin idan ya wuce kima, musamman a bazarar Maris da Afrilu. Gangar injin da akwatinsa su sami wayar ƙasa ta gaske da aka gwada. Duk lokacin da aka sauya haɗin janareta mai layi uku, a duba kada layukan su juye, domin famfon mai da na ruwan sanyaya da ke shan wuta kai tsaye za su koma juyawa baibai.

Shi kansa mai gyaran yana cikin haɗari. A layi uku na volt 400, kafasitocin cikin infata suna riƙe kimanin volt 560 na DC, kuma ba sa zubar da shi da zarar an kashe. Masu ƙera su kan rubuta a jira minti 5 zuwa 15, gwargwadon girma. Bayan jiran sai an auna da mita. Babban makunni kuma a sa masa kwaɗo, makullin na aljihun mai aikin, don kada yaron shago ya zo da kyakkyawar niyya ya mayar da wuta. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin killace sassan inji masu haɗari, kuma sauya ƙwaƙwalwa bai sauke masa wannan nauyi ba.

Kafin a ɗaura ƙarfen kowa, injin zai sha gwaji babu wuƙa, a ƙaramin gudu tukuna. A danna maɓallin gaggawa. A zare waya ɗaya daga layinsa a ga ko zai tsaya. A kashe kwamfuta sanda na juyawa. A sauke babban makunni kamar an ɗauke wuta, sannan a mayar, a tabbatar babu abin da ya motsa sai an danna maɓallin sake shiri da hannu. Daga nan a ƙara gudu mataki-mataki, a auna daƙiƙoƙin da sanda ke ɗauka kafin ta tsaya cak, a rubuta adadin da kwanan wata a cikin murfin akwatin tare da sabuwar taswirar wayoyi. Ana maimaita wannan awo lokaci-lokaci, kuma idan adadin ya fara ƙaruwa, alama ce fatar birki ta cinye ko mai ya shige ta, sai a dakatar da aiki a buɗe a duba.